Filin Tambaya da Amsa: Shiga Daji, Farauta da Ilimin Maharba

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan kusan duk a kan daji suka taru, wasu na son shiga yawon buɗe ido, wasu kuma dama cikinsa suke neman abinci. Na ɗauki waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani mutane da yawa, saura sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam barka da aiki. Ni da abokaina mu huɗu muna yawan kallon turawa a YouTube suna goya jaka su shiga daji suyi kwanaki suna dafa abincinsu suna kwana a tanti, wallahi abin yana burge mu sosai, munaso muyi irinsa in an bada hutu amma bamu san inda zamu ba kuma bamu san me ake ɗauka ba. Dan Allah a bamu shawara.

Amsa: Ƙanena naji daɗin saƙonka, don samarinmu da yawa sun san sunan dazukan Amurka amma basu taɓa ganin sawun gwanki a ƙasa ba. Sai dai kafin maganar jaka akwai maganar rai. Dajin da ke kusa da ku shi ne wanda zan fara hana ku, Kamuku da ke wajen Birnin Gwari, da Rugu ta Katsina, da dazukan Zamfara, da Sambisa, duk waɗannan ba wurin yawo bane a halin da ake ciki, ko Falgore da ke hanyar Kano zuwa Jos ban yarda ku ratsa cikinsa da ƙafa ku kaɗai ba. Kada wani yace muku ai shi ɗan yankin ne ya san hanya, wanda ya san hanya bai san wa ya kwana a kanta jiya ba.

In ganin namun daji kuke so to Yankari ce, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. An keɓe ta tun 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, faɗinta murabba'in kilomita 2,244, akwai giwaye da ɓauna da gwanki da gadu, ga ruwan ɗumi na Wikki ga kogon dutse na Marshall waɗanda mutanen can baya suka sassaƙa. Amma fa a Yankari ba'a barin mutum ya goya jaka ya nausa yadda yaga dama, a Wikki zaku sauka a fita da ku a mota tare da ma'aikaci. Abin da kuke gani a waya kuwa, wato tafiyar ƙafa ta kwanaki, inda yafi dacewa shi ne Gashaka Gumti tsakanin Taraba da Adamawa, shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a nan dutsen Chappal Waddi yake wanda ake kira Gangirwal, tsayinsa mita 2,419, babu wanda ya kai shi a ƙasar nan. Ofishin hukumar gandun na garin Serti, a kan hanyar da ta tashi daga Jalingo ta bi Bali ta hau Mambila. Ku fara tuntuɓarsu tun kuna gida, ku tambayi halin tsaro na wannan makon ba na bara ba, ku karɓi izini, su haɗa ku da ɗan jagora da ma'aikacin gandu, in da hali har da mai taya ku ɗaukar kaya daga mutanen ƙauyen. Baƙo ai makaho ne ko da idonsa biyu. Lokaci kuma daga Disamba zuwa Maris, don da damina kogunan can cika suke mutum ya rasa ta inda zai ƙetare.

Kaya kuwa kada nauyin jakarka ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka, in kana kilo 60 to kilo 12 ya isa, duk abin da ka ƙara a kai kafaɗarka ce zata biya a rana ta biyu. Takalmi sau ciki mai rufe idon sawu wanda ka riga ka saba da shi, kada ka sayo sabo ranar tafiya don kafin azahar zai tayar maka da bororo, safa mai kauri, dogon wando, rigar sanyi ta gaske saboda saman dutsen da dare sanyinsa ya fi na hunturun Zariya, gidan sauro, leda babba ko tamfol, cocila da batir, ashana a ƙulle cikin leda, wuƙa, adda ɗaya ta ishe ku duka, ƙaramar tukunya. Guzuri ku koma irin na kakanninmu fatake, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi da dakuwa da gyaɗa, basa lalacewa basa nauyi kuma suna riƙe ciki, ku bar lemon kwalba da abincin gwangwani. Ku ɗauki farasitamol da maganin zazzaɓin cizon sauro da bandeji da gishiri da suga, in zawo ya kama wani a zuba cokalin shayi 6 na suga da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ya dinga kurɓa. Sabis ɗin waya ɗaukewa yake a mafi yawan wurin, saboda haka ku gaya wa iyayenku ranar shiga da ranar fita da sunan ƙauyen da zaku fito, kuma in sun ce a'a to a'a ɗin kenan.

Tambaya daga wani manomi a Billiri: Muna fama da macizai a gona da wajen farauta, in ya sari mutum mukan ɗaure saman wurin da igiya mu tsaga mu sa baƙin dutse, wasu suna warkewa wasu kuma a rasa su. Shin daidai muke yi?

Amsa: Baba, da girmamawa nake faɗa maka ku daina, duka ukun. Macijin da yafi kashe mutane a yankinku kububuwa ce, wadda ake ce wa gobe da nisa, 'yar ƙarama ce mai kalar ƙasa amma dafinta hana jini daskarewa yake. To ka duba, mutumin da jininsa ya riga ya ƙi tsayawa sai kuma a kawo reza a tsaga shi, ai an buɗe wa jinin ƙofa ne. Ɗaurin nan mai tsanani kuma baya tsare dafin, ƙafar yake kashewa, da yawa daga waɗanda aka yanke wa ƙafa ko hannu ɗaurin ne ya jawo musu. Baƙin dutse manne wa ciwo kawai yake don yana tsotsar danshi, baya zuƙo dafin da ya riga ya shiga jiki. Waɗanda kuke gani sun warke, sau da yawa macijin ne ya sara bai zuba dafi ba, ko kuma ba mai dafi bane tun farko, sai dutse ya karɓi yabo.

Abin yi shi ne a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da guru da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a sa ƙafar ko hannun a kan sanda a naɗe sako-sako yadda ba zai dinga motsi ba, a ɗauke shi a babur ko mota kada a bar shi ya taka. Ku kun ma yi sa'a, asibitin saran maciji na Kaltungo na nan maƙwabtanku, mutanen Filato kuma suna da na Zamko a Langtang. A can zasu ɗebi jini a ajiye minti 20 a gani ko zai daskare, in bai daskare ba a yi allurar kashe dafi, ita ce maganin. Kada a ba shi asfirin ko diklofenak ko ibufurofen don suna ƙara zubar jini, farasitamol kaɗai. Kuma kada a ce ai yana magana yana cin abinci a bari sai gobe, kububuwa haka take yaudara, sai daga baya kaga jini na fita ta dasashi da fitsari da tsohon miki. In gamsheƙa ce ta tofa wa mutum a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take a daɗe ana zubawa sannan a tafi asibiti. Ba sai an tsaya neman macijin a kashe ba, garin haka ake samun mutum na biyu. Lokacin shuka da girbi saran yafi yawa, takalmin roba dogo da cocila da dare suna rage shi ƙwarai, kuma kada a zura hannu ramin gafiya.

Tambaya daga wata ɗaliba a Haɗeja: Bayan rasuwar kakanmu mun ga wani abu a ɗakinsa kamar kan tsuntsu mai dogon baki da igiyar fata, ƙannena sun ce kayan tsafi ne a ƙone. Mene ne shi?

Amsa: Allah ya jiƙan kaka. 'Yar uwa kada ku ƙone, wannan burtu ne, kuma shaida ce kakanku maharbi ne na gaske. Burtu tsuntsu ne babba baƙi da ke yawo a ƙasa cikin ciyawa yana tsince-tsince, namun daji sun saba da shi basa gudunsa. Sai maharba suka sassaƙa itace mai lanƙwasa kamar wuyansa suka rufe da fata suka ɗora bakin tsuntsun na ainihi, wasu har su manna jajayen 'ya'yan tsiron nan da ake kira idon zakara. Maharbi zai ɗaura shi a goshi ya lulluɓa da baƙin zane ya durƙusa, yana rarrafe da gwiwa da hannu yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar mai caccakar ƙasa, ya matsa kaɗan ya tsaya, ya karkata gefe kamar bai damu da kowa ba, kwari da baka na jaye a ƙasa, a haka har ya kai inda kibiya zata isa barewa ko gada. Aikin awanni ne cikin ƙaya da rana. Kuma duk wannan banza ne in iska ta juya, shi yasa zaki ga yana ɗauke da 'yar jakar toka, ya ɗan kaɗa ta yaga inda tokar ta nufa, dole iska ta taso daga wajen naman ta zo gare shi.

Abin da ke damuna shi ne irin wannan ilimin tafiya yake tare da masu shi. Tsohon maharbi zai kalli sawu da sassafe, rana na gabansa tana ƙasa-ƙasa don inuwa ta fito da shi, yace wannan na daren jiya ne saboda ƙwaro ya bi ta kansa kuma bakinsa ya fara zubewa, wancan kuwa yanzu aka taka shi don raɓar da ke kan ciyawar ta kaɗe. Ya san sawun kura da farce kamar na kare amma na gaba ya fi na baya girma, na damisa kuwa babu farce don ɓoye shi take. In akwai sauran abokan kakanku a raye, ko Sarkin Bakan garinku, ku je da waya ku ɗauki muryarsu su faɗa muku sunayen itatuwa da sawaye da kirarin kakan naku. Burtun kuma ku shafa masa ɗan mai ku rataye inda gara da danshi basa kaiwa.

Tambaya daga wata uwargida a Toro: Maigidana yana fita farauta da rani da karnuka, suna cinna wa daji wuta su kamo gafiya da ɓeraye da zomo, ni ke gyarawa yara na tayani. Naji ana maganar zazzaɓin Lassa a rediyo, hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya hankalinki ya tashi a inda ya dace. Cutar nan an fara gano ta a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, wani ɓera mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ita a fitsari da kashi da jininsa, shi ba ta yi masa komai. Bauchi na cikin jihohin da tafi kamawa tare da Taraba da Edo da Ondo, kuma da rani tafi tashi, daidai lokacin da ake ƙona daji ɓeraye na gudowa cikin gari suna shiga rumbuna. Haɗarin yafi yawa wajen kamawa da feɗewa, wato aikin da ke hannunki da na yara. Ɓera dai a bar shi gaba ɗaya, ki faɗa wa maigida da lalama a lokacin da yake cikin natsuwa. Sauran naman in za'a gyara yara su matsa, ki sa safar hannu ko leda musamman in kina da yanka a yatsa, ki wanke hannu da wuƙa da sabulu, a dafa ya dahu sosai. Dabbar da aka tsinta a mace ko wadda aka ga tana layi tun kafin a buge ta kada ta shigo gidan. In wani ya yi zazzaɓi aka sha maganin maleriya kwana biyu uku bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro ga kasala, a tafi asibiti a faɗa musu gaskiya cewa ana taɓa naman daji a gidan, maganin yafi aiki in an fara da wuri. Layin wayar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, kyauta ne, 6232. Karnukan kuma a kai su wajen likitan dabbobi ayi musu allurar haukan kare.

Wutar nan ita ma ina roƙon mafarautanmu su dube ta. Don gafiya biyar sai a ƙone ciyawar da shanu zasu ci har faɗuwar ruwa, a ƙone ƙwan zabi da fakara da ƙananan itatuwa, wani lokacin ta tsallaka ta cinye amfanin gonar da ba'a kwashe ba, daga nan rigima ta tashi.

Tambaya daga wani mafarauci a Rano: Bindigar adaka ce da ni ta gado, ina buƙatar takarda? Kuma mukan je kudu farauta.

Amsa: Eh ɗan uwa kana buƙata. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar da ake ɗurawa ta baki a ƙarƙashin lasisin kwamishinan 'yan sandan jiha, kuma an sha dakatar da bada lasisi, don haka kaje hedikwata da kanka ka ji matsayin da ake ciki, katin ƙungiyar mafarauta baya maye gurbinsa. Maganar kudu kuwa har yanzu zuciyata na ciwo in na tuna Uromi ta jihar Edo, inda a watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 mafarauta 'yan Kano suna hanyar dawowa gida sallah. Zalunci ne tsantsa, babu abin da zai halatta shi. Amma tunda ku ke bin hanyar, ku tafi da takardunku da wasiƙar hakimi ko Sarkin Baka, kuna sauka ku gabatar da kanku ga Sarkin Hausawan garin da ofishin 'yan sanda da mai garin da dajin ke hannunsa, makami kuma kada ya kasance a ɗure a cikin mota.

Ka sani kuma akwai dokar 1985 da aka gyara a 2016 mai kare dabbobin da ke ƙarewa, zaki da damisa da raƙumin dawa da ɗan kunya na ciki, hauren giwa ma kama mutum ake a kansa, kuma cikin gandun gwamnati ko zomo ba'a yarda ka harba ba. Maharban da can basa harbin mai ciki ko mai shayarwa, kuma da damina sukan rataye baka su kama fartanya. A Kure ta Nijar raƙuman dawa sun ragu har saura 49 a 1996, da aka daina kashe su mutanen ƙauyukan suka tsaya a kansu sai gashi sun haura 600.

Tambaya daga wani makiyayi matashi a Maraɗi: In ruwa ya ƙare wa mutum a daji ko ashana ta jiƙe yaya zai yi?

Amsa: Ruwa dai itatuwa ne ke fara nuna shi, in ka hango layin kore na ɓaure da kanya da ɗinya da giginya a tsakiyar busasshen daji to akwai rafi ko fadama a nan. In ka tarar rafin ya ƙafe ka je wajen lanƙwasa ta ɓangaren waje inda ruwa ke zaizayar gaɓa, ko gindin dutse, ka tona yashi kamu ɗaya zuwa biyu, in ka ji danshi ka ci gaba ka jira ya tsattsafo. Kurciyoyi da hasbiya da yamma in sun miƙe layi ɗaya ƙasa-ƙasa ruwa suka nufa, hanyoyin namun daji ma in suna haɗewa suna zama ɗaya can suke kaiwa. Ruwan da ka samu ka tace da ƙyalle, ka sa ɗan alam ko dakakken ƙwayar zogale ya kwanta, sannan ka tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, don kwanciyar laka ba ita ce mutuwar ƙwayar cuta ba. Kada ka yi wanka a kwantaccen ruwa mai dodon koɗi, nan ake ɗaukar tsargiya. In ruwan hannunka ya yi ƙasa ka daina tafiyar tsakar rana, ka fake a inuwa sai la'asar.

Wuta kuma ƙyastu ne maganin jiƙewar ashana, maƙera har yanzu suna ƙera shi in ka tambaya. Ka riƙe ƙanƙarar dutse da ɗan audugar rimi a kanta, in an ɗan babbake audugar tafi saurin kamawa, ka goga ƙarfen da sauri ƙasa, tartsatsi na faɗawa zaka ga ɗan jan ido, sai ka naɗe shi cikin busasshiyar ciyawa mai laushi ka hura a hankali har hayaƙi ya yi kauri. Ka koya a gida tun kafin ranar buƙata. Itacen ƙirya da marke suna daɗewa suna ci garwashinsu ya kai asuba, kuka kuwa jikinta ruwa-ruwa ne bata ci, amma ɓawonta da na kalgo suna bada igiya mai ƙarfi. Kada ka gasa nama da tinya ko tumfafiya ko ka tsire shi da su, ƙaronsu guba ne kuma yana lalata ido. Wajen kwana kada ka shimfiɗa a cikin busasshen rafi ko da yashin ya yi maka laushi, ruwa na iya sauka a nesa ya taho da dare, kada kuma ka tare hanyar da dabbobi ke bi zuwa mashaya. Ka share wurin ƙal ka zagaye wutar da fili, da safe ka kakkaɓe takalmi saboda kunama, in zaka tashi ka zuba wa wutar ruwa ko ƙasa ka juya tokar da sanda ka kai bayan hannunka kusa, in da sauran zafi ka ƙara.